Karan Awon Waifa

Wani ne a unguwar Yindiski ta Potiskum, mai awon hatsi a kasuwa. Ba a daɗe da yanke Yobe daga Borno ba, ciniki ya ɗan yi masa kyau, ya sayi mota. Motar ta ga duniya. Mutum huɗu suka mallake ta kafin shi, na huɗun har dakon awaki ya yi da ita. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Gilashin gefen mai zaman banza ya sauka tun a hannun mai ita na biyu, bai sake hawa ba. But, wurin sa kaya na baya, kuwa ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Amma tana tafiya, in an tura.

Mutumin nan yana da suruki a Nangere, Malam Ari. Gajeren tsoho ne, manomi, maganarsa ba yawa. Shekara shida da ba shi 'yarsa Kellu, bai taɓa dubansa ya yi masa magana kai tsaye ba. In ya je gaisuwa ya cire takalmi ya durƙusa, sai tsohon ya dubi 'yar ya ce, "Kellu, gaya wa mijinki lafiya lau." In babu Kellu, ya gaya wa duk wanda ke kusa. Wata rana babu kowa a wurin sai tunkiya. Tsohon ya dubi tunkiyar, ya yi shiru.

Abin yana cin mutumin. Ba wani abu yake nema ba. Kalma ɗaya tak yake so, daga bakin tsohon zuwa kunnensa, ba ɗan aike.

A ƙarshen bazara tari ya kama Malam Ari. Aka kawo shi asibiti Potiskum, ya sauka gidan 'yarsa. Kwana tara yana tari, duk layin ana ji. Maƙwabta suna zuwa dubiya, suna fitowa suna girgiza kai. Rana ta goma tarin ya sake shi, amma ba wanda ya sani a waje. Su dai sun ji shiru.

Da yammacin ranar ya fito tsakar gida, ya dubi gabas, ya shaƙi iska.

"Kellu, gobe bayan la'asar ruwa zai sauka. Gida zan tafi. Jibi da asuba ina gona."

Mutumin yana tsugune a bakin zaure. Ya ce, "A gaya wa Baba ni zan kai shi. A mota."

Tsohon ya dubi bango.

"Kellu, tambayi mijinki, motar tana da abin share ruwa?"

"A gaya wa Baba akwai. Har biyu."

"Suna aiki?"

Da rani mutumin ya sayi motar, bai taɓa kunna su ba.

"A gaya wa Baba zan kira makanike ya duba."

"Dama na sani," in ji tsohon. "Shekaranjiya igiyar guga ta tsinke a gidan nan, mutum aka kira."

Ya koma ɗaki.

Gari na wayewa mutumin ya fita wajen motar. Ya murɗa makulli, ya taɓa abin kunna waifa, masu share ruwan. Suka tashi da ƙyar, suna kuka kamar ƙofar langalanga. Rana ta gasa robar, ta bushe kamar tsohon kilishi. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, ta ruguje ta zube a kan bonet.

Ya ce a ransa, yau ko makanikan garin nan duk sun zo kyauta, ba mai taɓa motar nan. Da hannunsa zai sa sababbi, tsohon yana kallo.

Ya ɗaga ƙarfen na hagu. Ya murɗa, ya ja, ya tura, ya ciza leɓe, har ragowar waifar ta fito. Ba wanda ya taɓa gaya masa ƙarfen yana da sifirin. Ya sake shi. Ƙarfen ya koma da ƙarfinsa ya sami babban yatsansa a kan gilashi. Bai yi ƙara ba, saboda suruki yana ciki. Ya sa yatsan a hammata, ya zagaya motar sau biyu, hawaye na zuba.

A na dama ya yi wayo, ya janye yatsa da wuri. Sai ƙarfen ya sami gilashin. Tsaga ta tashi daga ƙasa ta miƙe sama kamar jijiyar ganye. Ya dubi tsagar, ya sa yawu ya shafa. Ba ta tafi ba.

Saura awo. Shi mutumin mudu ne, tsawo ba fanninsa ba ne. Ya zare kara daga dangar gida, zai gwada da tsohuwar waifar, sai ya tsaya. Ya ce wannan ai lalatacciya ce, in ka kai awon lalatacciya, lalatacciya za a ba ka. Kuma abin da za a share gilashi ne, ba waifa ba. Sai ya shimfiɗa karan a kan gilashin gaba, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sa wuƙa zai yanke, hannunsa ya ƙi. Shekara ashirin bai taɓa auna wa mutum abu bai yi masa gyara ba. Ya ƙara taƙi ɗaya, sannan ya yanke. Ya gyara bakin karan duka biyu sumul.

Ya riƙe shi da hannu biyu don kada ya karye, ya sunkuyar da kai, ya kama hanya. Ido jajur, yatsa na zogi.

To, kowa ya san abin da ake nufi in an ga magidanci da sassafe riƙe da kara yankakke baki biyu. Da shi ake auna mamaci, a kai wa masu haƙa kabari. Kowa ya sani, har shi. Ranar dai hankalinsa yana kan waifa.

Maƙwabcinsa Ayuba yana ƙofar gida yana ba kekensa iska. Ayuba mutum ne da ba a rasuwa a unguwa wani ya riga shi zuwa maƙabarta. Ya ga karan. Ya dubi tsawonsa. A duk layin, babba mai wannan tsawon mutum ɗaya ne, kuma tun jiya ba a ji tarinsa ba.

Ya ajiye famfo, ya cire hula ya mayar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

Mutumin ya ji daɗi an damu da damuwarsa.

"Tun jiya na yi zargi. Da safen nan na tabbatar."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ban so a kira kowa ba."

"Kawo nan. Ba kai za ka kai ba, muna raye."

"Ka san wurin?"

"Haba, maƙwabci. Wa ya fi ni sanin wurin?"

Mutumin ya yi tunani. Sawa ya rantse zai yi da hannunsa, ba sayowa ba. Ya miƙa karan.

"A yi sauri dai. So nake a gama kafin ruwa."

"Kafin azahar an gama, in sha Allah. Koma ka zauna."

Ayuba ya hau keke, kara a kafaɗa. Ya tsaya a masallaci ya yi wa ladan magana, ya tsaya wajen tela, ya wuce.

Mutumin ya koma ya zauna a dakalin ƙofar gida yana hura yatsa. Jim kaɗan dattawa biyu suka zo suka zauna kusa da shi. Wasu uku suka biyo, ɗaya da tabarma. Ya ce a ransa, lallai tsohon nan yana da jama'a, ji yadda ake zuwa sallama.

"Sannu. Ya haƙuri?"

Ya dubi yatsa, ya dubi gilashin. "Haƙuri da godiya."

"Allah ya gafarta masa."

Bai san wa ake nufi ba, amma addu'a ce. Ya ce amin.

Tabarma ta zama huɗu. Wani ya kawo buta. Wani ya jingino makara a bangon da ke bayan motar, inda mutumin ba ya gani. Liman ya iso, ya zauna, ya matso kusa da shi ya rage murya.

"Malam Arin, an yi masa wanka?"

"Ya yi tun da safe."

"Wa ya yi masa?"

"Shi ya yi da kansa."

Liman ya dubi na kusa da shi. Na kusa ya dubi ƙasa. Wani daga baya ya ce a hankali, "A bar shi. Abin ya taɓa shi." Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce a kawo masa ruwa.

A cikin gida Malam Ari yana zaune a kan buzu, kwanon kunu a hannu. Kellu tana ɗaure masa kaya. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya hura ta sau biyu. Ya yi sallama. Ya ce ana sanar da jama'a rasuwar Malam Ari na Nangere, surukin mai farar motar nan, bayan 'yar gajeruwar jinya. Za a yi jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya a ƙofar gidan. Allah ya ba da ikon zuwa.

Ƙullin kayan ya faɗi daga hannun Kellu.

Tsohon ya sauke ludayi.

"Kellu, wa aka ce?"

"Baba… kai aka ce."

"Ƙarfe nawa aka sa?"

"Sha ɗaya."

"Yanzu nawa?"

"Goma ta ɗan gota."

"To, bari in ƙarasa kunun."

Ya ƙarasa. Ya kurkure baki, ya sa hula, ya ɗauki sandarsa. Ya ratsa zaure ya fito, ya yi sallama.

Ba wanda ya amsa. Kafin ya rufe baki tabarmi huɗu sun zama wayam, sai takalma a jere. Liman ne kaɗai bai tashi ba, shi ma gwiwa ce ta hana shi. Mutumin yana tsaye a gefen motar, ya ji sanarwar, ya ga makarar, yanzu yana neman inda zai sa idonsa.

Malam Ari ya zauna a tsakiyar tabarma. Ya ce wa liman, "Kira su. Tunda an taru, a gaisa."

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi dama alwala ya tafi.

Ana cikin haka sai ga Ayuba a kan keke, jar ƙasa har gira, karan a kafaɗa. Tun daga nesa yake cewa, "An gama. Mu shida muka haƙa, ƙasar kamar dutse. Tela ma ya ce likkafani…"

Ya ga wanda ke zaune a tabarma. Keken ya ci gaba kaɗan ba shi.

Da aka tashe shi aka kakkaɓe shi, tsohon ya miƙa hannu. Aka ba shi karan. Ya tashi tsaye, ya cire takalmi, ya kafa karan a ƙasa ya jingina da jikinsa. Karan ya wuce tsakar kansa da kamar yatsa huɗu. Ya dubi abin da ya wuce ɗin.

"Liman, gaya wa mai gidan nan na gode. Har da gyara ya yi mini."

Mutumin ya durƙusa. "A gaya wa Baba awon waifa ne."

Liman ya juya. "Ya ce awon waifa ne."

"Na ji."

Ayuba yana share ƙasa daga kunne. Ya ce, "To ramin fa? Mu dai yau ba mai sake ɗaga shebur."

"Ni zan cike," in ji mutumin. "Gobe. Da hannuna."

"Da hannunsa," liman ya gaya wa tsohon.

"Na ji wannan ma."

Aka mayar da makara. Ladan ya koma ya sake hura lasifika ya ce a yi haƙuri, sanarwar ɗazu an ɗaga ta.

Mutumin ya ɗauki karansa. Yanzu abu ɗaya ya rage masa a duniya: waifa ta hau motar nan, ya kai tsohon Nangere a bushe. In ya yi wannan, ta yiwu a manta da na safe. Amma ba zai sake ratsa gari da kara a hannu ba. Ya karya shi biyu daidai, ya zura guda a kowane gefen babbar riga, ya tafi a sandare kamar mai ciwon baya.

Potiskum garin tirela ne. Ya nufi wajen tashar manyan motoci, inda masu kayan mota suke jere, ya tsaya a rumfar wani Bubayaro. Ya zaro karare biyu ya ajiye a kan tebur.

"Waifa nake so. Wannan tsawon."

Bubayaro ya dubi kararen, ya dube shi.

"Kai ne na Yindiski?"

"Ni ne."

"Ya mamacin?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Wace irin mota ce?"

"Fara."

"Taya nawa?"

"Huɗu."

"Wannan awon na mai taya goma sha takwas ne."

"Ni na auna. Da hannuna."

"Ka kawo tsohuwar in gani mana."

"Ta lalace. Lalatacciya kake so ka ba ni?"

Bubayaro ya sosa gemu. Ya shiga ciki, ya fito da waifar tirela guda biyu, baƙaƙe, kowace kamar takobi. Ya gwada da kara. Daidai.

"Ga su. Amma bakinsu ba zai shiga ƙarfen ƙaramar mota ba. Ka turo ta nan a san dabara."

"Da hannuna zan sa."

"To. In an sake sanarwa, zan zo."

Ya dawo gida rana ta take. Malam Ari bai koma ciki ba, yana inuwar zaure a kan buzu, yana jan carbi. Mutumin ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya tabbatar ana ganinsa.

Bakin bai shiga ba. Ya juya ta sama, bai shiga ba. Ya juya ta ƙasa, ya tofa yawu, ya ɗan buga da dutse. Bai shiga ba. Ya tsaya yana kallo. Sai ya tuna shi ma yana da sana'a. Ya shiga gida ya fito da basilla da zaren ɗinkin buhu. Ya haɗa waifa da ƙarfe, ya bi su da ɗinki irin na bakin buhun gero, sawu biyu, ya ƙulle, ya ciza zaren ya yanke. A kasuwa ba a taɓa kawo ƙarar ɗinkinsa ba. Buhunsa yana zuwa har Legas bai zubar da ƙwaya ba.

Ya ja baya ya duba. Ta dama ta wuce gefen gilashi ta leƙo waje da kusan kamu guda. Ta hagu ta hau kanta ta kwanta. Ya ce a ransa, da abu ya gaza gara ya wuce.

Ayuba ya leƙo ta katanga.

"Ba za ka gwada ba?"

"A busasshen gilashi? Robar ta cinye kafin ruwa ya zo?"

"Ka zuba ruwa da buta mana."

"Ruwan buta daban, na sama daban."

Ayuba ya janye kansa.

Mutumin ya kawo buhun irin gero, zaɓaɓɓe, wanda ya ware tun kaka. Ya ce a gaya wa Baba na shuka ne. Kellu ta gaya wa Baba daga bayan ƙofa. Baba ya ce a gaya masa an gani. Da yake but ba ya buɗuwa, aka ɗora buhun a saman mota, can gaba, aka ɗaure.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Tsohon ya yi sallama da 'yarsa, ya shiga gaba ya zauna, sanda tsakanin ƙafafu. Mutumin ya shiga ya ɗaure ƙofarsa. Waɗanda suka zo ɗaukar tsohon da safe su suka tura shi da yamma. Motar ta yi tari uku ta kama. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ɗan tsawaita.

Suka fita gari suka hau kwaltar Nangere. Babu Kellu, babu liman, babu ko tunkiya. Ba mai isar da magana, don haka ba a yi ba.

Iska ta taso. Ɗigo ya faɗo a gilashi, sai wani, sai ruwa ya sauko gaba ɗaya. Mutumin ya gyara zama. Ya saci kallon tsohon. Ya yi bismilla ya kunna.

Waifa biyu suka tashi tare, suka haɗu a tsakiya, suka sarƙe kamar 'yan kokawa. Suka tsaya nan suna rawa, ba wadda ta kayar da wata.

Ya taka birki, bai kashe mota ba, don ba mai turawa. Ya kwance igiyar ƙofa, ya fita cikin ruwa, ya raba su. Ya kama ƙarfen na dama ya tanƙwara shi waje don kada su sake haɗuwa. Ya dawo jagab, ya ɗaure ƙofa, ya ja.

Wannan karon suka yi aiki. Ta dama ta hau, ta tattaro ruwan da ke gefenta, ta sauko, ta wuce gefen gilashi, ta juye shi ta tagar da ba ta rufuwa. A fuskar Malam Ari. Ta koma ta ɗebo wani. Tsohon bai motsa ba. A zuwa na huɗu ya cire hularsa, ya matse, ya sa a aljihu. A na shida bakin waifar ya shafi kunnensa. Ya matsa kaɗan. Ta bi shi.

Ta hagu kuwa in ta miƙe sai ta wuce rufin mota ta soki buhu. Suka na farko, buhu ya jure. Na biyu, ya jure. Ɗinkin bakinsa na mutumin ne, bai saki ba. Cikin ne ya yage. Gero ya fara gangarowa kan gilashi, yana haɗuwa da ruwa, waifa tana damawa. Wanda bai tsaya a gilashi ba tana watsa shi hagu da dama a gefen hanya, daidai wa daida, kamar hannun gwanin manomi.

Ga shi gilashin motar yana da lanƙwasa, waifar tirela kuwa miƙaƙƙiya ce. Inda ido yake buƙata, nan ne ba ta taɓawa. Mutumin ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Abin da yake gani gero ne. Ya rage gudu, sai motar ta fara shessheƙa za ta mutu. Ya ƙara.

Tsagar safe ta ji duka, ta yi reshe.

Can sai ƙahon babbar mota ya cika duniya, fitila biyu suka bayyana cikin geron, kusa ƙwarai. Mutumin ya murɗa sitiyari dama da duk ƙarfinsa. Tirelar shanu ta wuce ta hagunsu, iskarta ta girgiza su, wani sa ya leƙo ya dube su. Motar ta bar kwalta, ta gangara, ta tsallake kwari, ta shiga gonar wani, ta ratsa kunya bakwai, ta je ta dafa suri da hanci ta tsaya.

Injin bai mutu ba. Waifa ba su tsaya ba. Ta dama ta ɗebo ta juye. Ta hagu ta soki abin da ya rage na buhu.

Suka zauna. Ruwa yana dukan rufi. Gero ya manne a gemun tsohon, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kan sanda.

Mutumin ya buɗe baki zai ce a gaya wa Baba, ya duba, ba wanda zai gaya. Sai ya gaya wa sitiyari.

"Saura kaɗan Nangere. Giyar baya tana shiga. In na leƙa da kai ta taga, zan riƙa ganin gefen kwalta. In an ji ƙaho, sai a yi dama."



Sai Malam Ari ya juyo. Ya juyo gaba ɗaya, da kafaɗa, ya dube shi cikin ido.

"Kai."

Shekara shida. Mutumin ya ji zogin yatsansa ya ɗauke. Ya nemi durƙusawa, sitiyari ya tare shi. Ya cire takalmi a ƙarƙashin kujera.

"Na'am, Baba."

"Ramin nan da su Ayuba suka haƙa da safe."

"Na'am, Baba."

"An cike?"

"Ba a cike ba tukuna, Baba. Gobe da sassafe zan je, da hannuna."

Waifar dama ta sauko ta juye. Tsohon ya jira ta koma. Ya share ido, ya ciro jiƙaƙƙiyar hularsa ya sa, ya gyara riƙon sanda, ya fuskanci gaba.

"Bar shi haka. Ja mu je."